Wuƙar da Ba Ta San Gaɓa Ba: Guntayen Bidiyo da Makomar Dogon Zance a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Mahauci gwani ba ya sa wuƙa inda ya ga dama. Yakan laluba ya nemi gaɓa, ya raba cinya da ƙugu ba tare da ya farfasa ƙashi ba, kuma duk wanda ya ga tsokar da ya fitar zai iya faɗin sashen dabbar da ta fito. Zance ma yana da gaɓoɓinsa, kuma Hausawa sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa suke da kalmomi dabam-dabam na rage tsawon magana: akwai taƙaitawa, akwai tsakure, akwai gutsurewa, akwai kuma katse wa mutum hanzari. Wasu daga cikinsu gwaninta ce, wasu kuwa cin zarafi ne.

A 'yan shekarun nan wata sabuwar wuƙa ta shigo kasuwar zance. Ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake miƙa wa bidiyon awa ɗaya ko biyu, cikin ɗan lokaci su dawo da guntaye goma ko ashirin, kowanne bai fi minti ɗaya ba, a shirye don TikTok da Facebook da WhatsApp. Wannan maƙala za ta auna aikin wannan wuƙa da ma'aunin da ke hannunmu tun da can, ta hanyar duba nau'o'in dogon zance uku da ƙasar Gummi da Anka da Bukkuyum ta san su: tafsiri, waƙar fada, da shaidar waɗanda tashin hankali ya rutsa da su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, gajarta ba ta taɓa zama aibi a adabinmu ba. Aibin yana ga yankan da ya toshe hanyar komawa ga asali, wanda kuma babu wani mai suna da zai amsa laifinsa.

Yadda na'urar take yanka

Aikin yana da matakai. Da farko manhajar takan saurari bidiyon ta mayar da sautinsa rubutu, tana liƙa wa kowace kalma daƙiƙar da aka furta ta. Sai wani sashe nata ya karanta rubutun yana neman wuraren da suka yi kama da guntayen da suka taɓa samun karɓuwa: jimlar da ta buɗe da tambaya, da'awa mai girgiza zuciya, ɗaga murya, dariya ko kabbarar jama'a. Daga nan ta bi fuskar mai magana, ta datse dama da hagun hoton har ya tsaya daidai allon waya, ta shimfiɗa kalmominsa a ƙasa da manyan haruffa. Wasu daga cikinsu, kamar OpusClip, har maki suke ba kowane guntu, na hasashen yadda zai yaɗu. CapCut, wadda matasa da yawa suke tace bidiyo da ita, tana da irin wannan sashe ita ma.

Abin lura shi ne abin da makin yake aunawa. Yana auna ƙarfin guntu wajen tsayar da yatsan mai kallo kada ya wuce. Ko guntun ya wakilci manufar mai magana, wannan tambaya ce da ba ta cikin lissafin.

Akwai kuma matsalar kunne. Whisper, manhajar mayar da sauti rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sa'o'i 680,000 na magana, kusan kashi biyu cikin uku Turanci ne. Hausa tana cikin jerin harsunanta, amma rabon da ta samu bai taka kara ya karya ba, kuma rubutacciyar Hausar da ke yawo a intanet mafi yawanta daidaitacciya ce mai kama da Kananci. Bazamfare kuwa cewa yake yi "munka tahi", "sunka hwaɗi", "shina nan", "wanga". Inda Bakano zai ce "da aka zo", shi "da anka zo" zai ce, kuma ba abin mamaki ba ne na'ura ta ɗauka sunan garin Anka aka ambata. Idan rubutun ya karkace, iyakokin jimloli sun karkace ke nan, alhali a kansu wuƙar take sauka.

Nahawun Hausa kansa yana da wani tarko a nan. Korewa a Hausa takan zo da ƙafa biyu, ɗaya a farkon jimla ɗaya a ƙarshenta. A ɗauki mai cewa, "Ba ni na ce a kai musu hari ba." Furta "ba" ta farko ba ya cin rabin daƙiƙa, ta ƙarshe kuma takan zo ne lokacin da murya ta sauka. Idan yanka ya makara kaɗan a farko, ya kuma yi gaggawa kaɗan a ƙarshe, abin da ya rage shi ne mutum yana amsa laifin da ya tsaya musantawa, da muryarsa da fuskarsa. Haka "wai" take: gaɓa ɗaya ce tak, amma ita ke raba abin da mutum ya yarda da shi da abin da yake ruwaitowa daga bakin wani.

Bahaushe da gajeriyar magana

Kafin a yanke wa na'ura hukunci, adalci ne a tuna cewa mu ma masu yanka ne. Allon makarantar tsangaya guntu ne. Almajiri ba ya ɗaukar Alƙur'ani gaba ɗaya. Malam yakan yanka masa abin da allo zai ɗauka, ya biya, ya hardace, ya wanke, a rubuta masa na gaba. Amma kowane rubutu yana farawa ne daga inda na jiya ya tsaya, kuma tafiyar tana da maƙura, wato sauka. Littattafan da ake fara karatun fiƙihu da su a zaure, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, taƙaitattu ne da aka shirya don su kai ɗalibi ga manya. Nana Asma'u (1793–1864) ta ɗauki ilimin da ke cikin manyan littattafan Larabci ta zuba shi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, jajoji suka hardace suka kai wa matan karkara. Ita ta karanta duka kafin ta rage, kuma sunanta yana tafe da abin da ta rage.

Karin magana ya fi komai nuna wannan. Sau da yawa rabinsa kawai ake faɗi. Dattijo zai ce, "Kowa ya ɗebo da zafi," ya yi shiru, domin ya san sauran yana cikin kan mai sauraro. Wani nau'in karin maganar ma da mai faɗinsa yake yawo: "Ban sa a ka ba," in ji ɓarawon tagiya. A cire "in ji" da abin da ya biyo baya, zancen ya zama na kowa, dariyar da hikimar duk sun tafi. Al'ummar da ta gina wa karin maganarta wurin ajiye sunan mai magana ta san cewa rabin ma'anar zance yana ga wanda ya faɗe shi da halin da ya faɗe shi.

Malamai kuwa fanni guda suka ware wa wannan tambaya, shi ne ilimin waƙafi da ibtida'i, wato sanin inda mai karatun Alƙur'ani zai tsaya da inda zai tashi. Abu Amr ad-Dani na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kansa, kuma malaman tajwidi sun kasa waƙafi gida huɗu: cikakke, wadatacce, kyakkyawa, da mummuna. Mummunan waƙafi shi ne tsayawar da take ɓata ma'ana. Misalin da kowane gardi ya sani shi ne aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda farkonta hani ne ga kusantar salla, sai abin da ya biyo baya ya bayyana cewa ga wanda ke cikin maye ake nufi. Wanda ya tsaya a farkon bai ƙara harafi ko ɗaya ba, amma ya juya hukuncin. Malaman hadisi ma sun tattauna halaccin gajarta hadisi. Ibnu Hajar al-Asƙalani, wanda ya rasu a 852, ya bayyana cewa mafi yawansu sun yarda, bisa sharaɗin mai gajartawar ya zama masani wanda ba zai zubar da abin da sauran zancen ya rataya a kansa ba, kamar togaciya.

To, ga ma'auni ya fito daga cikin gida. Guntu nagari yana tsayawa a kan gaɓa, yana nuna hanyar komawa ga asalinsa, kuma akwai mutum sananne da ya yanka shi bayan ya san dukan zancen. Da wannan za mu auna abin da ya rage.

Gummi: tafsirin da ake bi dare talatin

A garin Gummi aka haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi a farkon shekarun 1920. Ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Babu malamin zamaninsa da ya fi shi fahimtar ƙarfin na'ura. Tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello a Kaduna ya shiga gidajen mutane ta Rediyon Kaduna, daga baya kuma ta kaset, har ya koma garin da ya fito. Saboda haka ba za a ce na'ura baƙuwa ce ga tafsirin ƙasar Hausa ba.

Rediyo da kaset su ma sun yanka. Shirin rediyo yana da iyakar lokaci, kaset kuma minti 60 ne ko 90, da fuska biyu. Sai dai mai gabatar da shiri yana da suna da ofis, kuma gobe za a ci gaba daga inda aka tsaya. Kaset yana da takarda a jikinsa mai ɗauke da sunan sura da lamba, wanda ya sayi na uku ya san akwai na biyu da na huɗu. Yankan bai toshe hanya ba.

Tafsiri a tsarinsa zance ne mai hawa-hawa. Alaramma mai jan baƙi zai karanta aya, malam ya fassara, ya kawo sababin saukarta, ya jero maganganun malamai, sau da yawa ya fara da wadda bai yarda da ita ba, ya ba ta haƙƙinta, sannan ya warware ta. Yakan ce "sun ce" ko "wai", ya yi minti biyar yana magana da bakin abokin jayayyarsa. Yakan yi raha don jama'a su huta. Yakan faɗi hukunci yau, ya kawo togaciyarsa bayan kwana uku idan an iso ayar da ta ƙunshe ta. Zamanin da tafsirin Gumi da na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi suke fita a tasha ɗaya, jayayya tsakanin Izala da ɗariƙu ta yi zafi ƙwarai, amma mai sauraro yana da wata guda na jin hujjar kowane ɓangare daga tushe.

Yanzu a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan sa'o'i, ta kowane malami daga cikinsu, a miƙa wa manhajar da aka umarta ta nemo inda ya fi zafi. Ba za ta zaɓi bayanin rabon gado ba, ko sharuɗɗan ciniki. Raddi za ta zaɓa, da wurin da murya ta tashi jama'a suka yi kabbara. Ba ta da hanyar tabbatar da cewa jimlar da ta fi girgiza ɗin ba ra'ayin da malam yake shirin rushewa ba ce. Kuma idan ta datse hoton ya koma a tsaye, wanda zai fara faɗuwa daga gefe shi ne mai jan baƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zaman alaramma a gefen malam shi ke tunatar da mai kallo cewa malam bayani yake yi a kan nassi, kuma nassin ne shugaba. Idan aka cire shi, saura mutum ɗaya yana faɗin ra'ayinsa da ƙarfi. Malamin da ya rasu ba shi da bakin cewa ba haka ya nufa ba. Wanda yake raye kuwa, da ya lura guntayen zafi ne suke yaɗuwa, sai ya fara shirya karatunsa don wuƙa, yana dasa jimlolin da za su yanku da kyau. A nan ɓarnar ta wuce guntu ta shiga cikin asalin karatun.

Waƙar fada: gindi da ɗiya

Ƙasar Zamfara gidan makaɗan fada ce. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru 'ya'yanta ne, kuma fadojin Sarkin Zamfara a Anka, da Sarkin Mafara a Gummi, da Sarkin Danko a Bukkuyum, duk sun san amon kotso da taushi a ranakun salla da naɗin sarauta. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna cewa waƙar baka tana tsaye ne a kan gindi da ɗiya. Gindi shi ne 'yan layukan da 'yan amshi suke komawa gare su, ɗiya kuwa su ne sassan da jagora yake kawowa ɗaya bayan ɗaya: wannan yabo, wannan tarihin kakanni, wannan roƙo, wannan zambo ko habaici ga masu jiran gado.

Da gani za a ce waƙar fada ta fi komai dacewa da yanka, tunda a yanke take zuwa. Gaskiya ne ɗa ɗaya yana iya tsayawa shi kaɗai. Amma makaɗi bai taɓa sakin ɗa ba tare da ya mayar da shi ga gindi ba, domin gindin ne yake faɗin wa ake yi wa waƙar. Zambon da ke cikin waƙar sarki hidima yake yi wa yabo. Ana ƙasƙantar da abokin hamayya ne, galibi ba da suna ba, ta hanyar siffanta shi da wata dabba ko wani hali, don girman sarki ya ƙara fitowa. Wanda ya ciro zambon shi kaɗai ya ɗora a kan hoton wani ɗan siyasar yau ya sami zagi mai daɗin ji, amma turken waƙar ya tsinke.

Na'ura kuwa a nan kurma ce kusan gaba ɗaya. Murya a kan kiɗa tana ba ta wahalar ji, tsohuwar Hausar fada ba ta cikin taskarta, kuma maimaicin gindi, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar, a lissafinta zance ne da aka riga aka faɗa. Idan akwai hoto, jagora za ta bi ta bar 'yan amshi a waje, kamar yadda ta bar mai jan baƙi. Yaron da ya tashi a Gummi yau yana iya sanin ɗiya ashirin na Ɗanƙwairo ba tare da ya taɓa jin waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, ba kuma tare da ya san sarkin da aka yi wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya gaji tubala, ba a nuna masa ginin ba.

Anka da Bukkuyum: lokacin da shaida ta koma kirari

Inda abin ya fi nauyi shi ne inda jini ya zuba. Daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin sun ce an kashe mutum kusan 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A wurin da adadin gawa kansa abin jayayya ne, abin da ke yawo a wayoyin mutane shi ke zama tarihi.

A watan Yulin wannan shekara sashen binciken Afirka na BBC ya fitar da fim na kusan minti 50 a kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, wanda matashin Bazamfare Yusuf Anka ya jagoranta. A cikinsa an ji bakin jagororin daji, har da Ado Aleru, an ji bakin iyalan waɗanda aka kashe, an kuma ji koken Fulani a kan abin da 'yan sa-kai suka yi musu. Gwamnatin tarayya ta ce fim ɗin ɗaukaka ta'addanci ne. A watan Agusta hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar naira miliyan 5 a kan kowane ɗaya daga cikin kamfanonin da suka nuna shi, ta kuma ci Trust TV tara irin wannan saboda nata fim ɗin a kan matsalar.

Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan hukunci, manazarcin adabi yana da abin cewa a kan siffar aikin. Ma'anar irin wannan fim tana cikin jerantawarsa. Mai bindiga zai yi alfahari, sai hoto na gaba ya nuna abin da alfaharin ya haifar a gidan wani. Manomi zai yi kuka, sai a kai mai kallo rugar da aka ƙona. Kowace murya tana da wadda take amsa mata, kuma mai kallo yana tashi da nauyin da ba ya barin sa ya yi saurin yanke hukunci a kan ƙabila guda.

A miƙa wannan fim ga manhajar da ke neman mafi girman maki, ba sai an yi duba ba kafin a san abin da za ta fitar. Daƙiƙa arba'in na mai rawani da bindiga yana faɗin abin da ya aikata ba tare da nadama ba. Wannan guntu yana da suna a adabinmu: kirari ne. Kirari zance ne na mutum ɗaya yana koɗa kansa, irin na maharbi da ɗan tauri da ɗan dambe, kuma ba a tsara shi don a amsa masa ba. Abin da ɗan jarida ya ɗauko a matsayin shaida a kan mai laifi, yanka ya mayar da shi nau'in adabin da aka ƙirƙira don a burge matasa. Haka idan aka ciro fushin manomi shi kaɗai, ya zama kiran ramuwa a kan duk Bafulatani. Idan aka ciro koken makiyayi shi kaɗai, ya zama uzuri ga mai kisa. Duka ukun babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, kuma wannan ne haɗarinsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mai kallo ya ga fuska, ya ji murya, ba shi da dalilin zaton an ɓoye masa wani abu. Mutanen da za su kalli waɗannan guntaye kuwa su ne za su haɗu gobe a kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu, wani da buhun gero wani da ƙwaryar nono.

Hujjar masu yanka

Masu wannan sana'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kallon bidiyon awa biyu yana cin data da caji da ƙarfin layin da mafi yawan ƙauyukan yammacin Zamfara ba su da shi. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matakan tsaro, aka yi makonni babu su, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Ga manomi da matar aure da ɗan gudun hijira a garin Anka, zaɓin sau da yawa tsakanin minti ɗaya ne da babu. Guntu yakan zama ƙofa kuma. Akwai wanda ya fara jin malami ko makaɗi a daƙiƙa talatin, daga baya ya je wurin masu tura waƙa ya nemi cikakken.

Wannan yanki ma ya taɓa cin moriyar gajeren saƙo. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara kusan 400 suka rasu. An share ƙasar wasu ƙauyuka, amma Bagega ta yi ta jira. Gangamin da matasan ƙungiyar Follow The Money da wasu suka yi a dandalin sada zumunta, da gajerun saƙonni masu ɗauke da sunan garin, yana cikin abin da ya matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon 2013.

Sai dai labarin Bagega kansa yana koyar da iyakar guntu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jinin yaro, amma likitoci ba su iya fara ba da shi a garin ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da ya sha magani ya koma wasa a tsakar gida ɗaya zai sake haɗiyar gubar. Saƙon ke nan mai togaciya: akwai magani, amma bayan shara. Guntun da ya tsaya a kan "akwai magani" mummunan waƙafi ne, irin wanda ad-Dani ya yi gargaɗi a kansa, kuma shi ne wanda zai fi samun maki domin ya fi daɗin ji. Waɗanda suka yi gangamin Bagega sun yi nasara ne domin sun san dukan zancen, suka zaɓi jimlar da za ta iya ɗaukar nauyinsa, suka kuma sa sunansu a ƙasa.

Kammalawa

Ba a nemi a karya wuƙar ba, kuma ko an nema ba mai yiwuwa ba ne. Manhajar tana iya zama yaron mahauci: ta ɗauko, ta wanke, ta nuna inda take zaton gaɓa take. Amma sa wuƙa aikin wanda ya saurari zancen ne daga bisimilla zuwa tammat. Duk wanda zai saki guntu, ko ɗan agajin masallaci ne ko mai shafin labarai ko jikan makaɗi, akwai bashin abu uku a kansa: ya ji duka kafin ya yanka, ya rubuta a jikin guntun wa ya faɗa da wuri da lokaci da inda za a sami sauran, ya kuma bar duk zancen da ya rataya a kan "wai" ko "sai dai" ko "ba" ta ƙarshe a haɗe da abin da ya rataya a kansa. Malamai da fadoji da gidajen jarida su ma ya kamata su ajiye cikakkun ayyukansu a wuri sananne mai lamba, kamar yadda kaset yake da lamba, don mai shakka ya sami inda zai koma.

Ga ɗaliban adabi kuwa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauransu, guntun bidiyo matani ne da ya cancanci a feɗe shi kamar yadda ake feɗe waƙa. A tambaye shi turkensa, a tambaye shi abin da ya gabace shi da abin da ya biyo bayansa, a tambaye shi wa aka datse daga gefen hoton. Kayan aikin wannan nazari ba sai an yi aronsu ba. Suna nan a ilimin waƙafi, da ƙa'idar gajarta hadisi, da tsarin gindi da ɗiya. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, kuma a ƙasar da rufin ya riga ya sha wuta, wanda zai zara ya wajaba ya san daga inda yake zarowa.